Ranar da Na Sa Aka Ƙirga Shanun Dada

Shekarar da na gama sakandare a Kazaure na dawo gida Gwiwa, ba ni da aikin yi sai wanke-wanke da faɗa da ƙannena. Sakamakon jarrabawa bai fito ba, ni kuma ban iya jira ba. Ko ruwan shayi na ɗora sai na buɗe murfin sau uku kafin ya tafasa. Umma takan ce da bakwaini ce ni da ta fahimta, amma wata tara cif na yi a cikinta, ba ta san inda na kwaso gaggawa ba.

Ƙanwata 'yar aji biyar ce ta fara tunzura ni. Tana rera jadawalin sau kamar waƙar biki, har da kaɗa kai, amma in ka tare ta a tsakiya ka ce bakwai sau takwas, sai ta koma tun daga bakwai sau ɗaya ta taho a hankali. Wata rana na ce mata, an raba mangwaro ashirin da huɗu ga mutum shida, nawa kowa zai samu? Ta dube ni ta ce, "Yaya, na tarawa ne ko na ɗebewa?" Na ce na tunani ne. Ta ce ai ba a zo wajen ba tukuna a ajinsu.

A ranar na je na roƙi Baba ya ba ni aron zaure. Ya ce ya ba ni, muddin ba zan doki ɗan kowa ba, kuma in share wurin in na gama. Na zaɓi Alhamis da la'asar, tun da ba a zuwa Islamiyya. Na samo wani katako na shafa masa baƙin tsohon batir ya zama allo, na tara marafan kwalba da tsakuwa da guntayen kara. Makon farko yaran unguwa suka cika zauren saboda wani ya yaɗa cewa za a raba alewa. Mako na biyu suka ragu, saura waɗanda ko dai suna son abin ko kuma iyayensu na son su huta da su.

Doka ɗaya na kafa: ba na karɓar amsa ita kaɗai. Sai ka gaya mini ta ina ka bi ka same ta. Wannan doka ta wahalar da su ƙwarai. Sun saba malami ya faɗa su maimaita, to ga wata tana ce musu "don me?" sau goma kafin a kira magariba. Wani lokaci in na ce don me, sai yaro ya ɗauka ya yi kuskure, ya janye amsarsa ta gaskiya ya kawo ta ƙarya. Ni kuwa in ji kamar in cije allon.

A nan Dada ta shigo labarin. Dada tsohuwar Bafulatana ce daga wata ruga a bayan gari, tana kawo wa gidanmu nono tun kafin a haife ni. Mu kuma asalinmu Barebari ne, kakana daga gabas ya zo, ko da yake ni ban iya Barbarci ba sai gaisuwa, ita ma a karkace. Saboda haka akwai wasa tsakaninmu da ita, kuma Dada ba ta barin ko kwana ɗaya ya wuce ba ta karɓi haƙƙinta ba. Tun daga ƙofa za ka ji ta: "Ina bayin nawa? A zo a sauke wa uwar gida kaya!" Umma kuma ta amsa daga madafi: "Ga masu bin jelar saniya sun iso, a ɓoye gishiri."

Tana zuwa da jikarta, yarinya siririya da ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, mai ɗauko ƙwarya ta biyu. In Dada ta shige ciki suna caccakar juna da Umma, yarinyar sai ta tsaya a bakin zaure tana kallonmu. Ba ta shiga, ba ta tafiya, ba ta magana.

Wata Alhamis na ba yara wannan: a wani gida akwai kaji da awaki, kawunansu goma, ƙafafunsu ashirin da takwas, awakin nawa ne? Aka fara harbi a iska. Wannan ya ce biyar, wancan ya ce takwas, ƙanwata ta tambaya ko har da zakara. Ina shirin fashewa sai na ji wata 'yar murya daga bakin ƙofa ta ce, "Huɗu."

Na waiwaya. "Wa ya ce huɗu?"

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Ke ce? Don me huɗu?"

Har na fara kaɗa ƙafa. Sannan ta ce, idonta a ƙasa, "In awakin suka miƙe suna cin ganyen da ke kan danga, kowa ƙafa biyu ce tasa a ƙasa, da su da kajin. Ashirin ke nan. Saura takwas suna sama. Kowace akuya biyu ta ɗaga."

Ni wannan lissafi a takarda na koye shi, da haruffa biyu da layi biyar, malaminmu na gumi muna gumi. Ita kuwa ta sa awaki sun miƙe tsaye ta gama. Na shiga cikin gida da gudu na ce wa Dada ta ba ni yarinyar nan duk Alhamis. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗauki. Amma in kuka mayar mini da ita Babarbariya, sai kun biya ni da abin da ba ku da shi."

Mako shida ta yi tare da mu, kuma zan faɗi gaskiya, saboda ita nake ɗokin Alhamis. Ita kaɗai ce ba ta janye amsarta in na ce don me. Ranar da na yi kuskure a kan allo, sauran duk sun kwafe shi da kyakkyawan rubutu, ita kuwa ta zo kusa da kunnena ta ce, "Malama, kamar wannan bai zauna ba." Bai zauna ba kuwa. Sauran yaran ma suka fara kwaikwayonta, suna ɗan yin gardama. Abin da na buɗe zauren dominsa ke nan.

To sai na kwaɓa da hannuna. Na ga lissafin kawuna da ƙafafu ya karɓu, na ce bari in ba su aikin gida. Kowa ya je ya ƙirga dabbobin gidansu, kai nawa, ƙafa nawa, ya kawo, mu haɗa tambayoyi da su, kowa ya gwada ɗan'uwansa. Yara suka yi murna. Ita kaɗai ta tsaya bayan an watse.

"Malama, har shanu?"

Ina tattara marafan kwalba, ga magariba ta matso, ga shara ban yi ba. Na ce, "Shanun ba su da ƙafa ne?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi kakarta.

Alhamis ta zagayo, ba ta zo ba. Dada ma ba ta zo ba. Surukarta aka aiko da nono, ta miƙa daga tsakar gida, ko zama ba ta yi ba. Umma ta raka ta har waje, ta daɗe, sannan ta dawo ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

Ashe yarinyar ta bi umarnina yadda na ba da shi. Da yamma da shanu suka dawo daga kiwo, ta tsaya a bakin garke, ta miƙa yatsa tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da ƙarfi don kada ta ɓata. Ta yi nisa kafin baffanta ya hango ta ya zo ya kama hannun. Bayan kwana biyu wani maraƙi ya kama zawo. Dada ta ce daga ranar an gama zuwa zaure.

Na ce, "Yanzu ƙirga ce take sa zawo?"

Umma ta ce, "A ruga ba a ƙirga shanu. Kowa a garin nan ya sani, har akuyar gidan nan ta sani. Ke kaɗai ce kika je Kazaure shekara shida kika dawo ba ki sani ba."

Na sani mana. Na dai ajiye shi ne a wuri ɗaya da hana zama a kan turmi da hana tsallake yaro, abubuwan da ake faɗa a wuce. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wanda zai ɗauke yarinya daga karatu a kansa ba. Kuma yarinyar ta tambaye ni. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ta tambaye ni da bakinta, ni kuma na mayar mata da baƙar magana saboda ina sauri.

Alhamis biyu na yi ba ita. Zauren ya koma yadda yake da, in faɗa su gyaɗa kai. Na gwada yin kuskure da gangan a kan allo, aka kwafe shi tsaf. Na ce wa Umma gobe zan tafi rugar.

Ta ce, "Tare za mu."

Na ce na san hanya.

"Hanyar kin sani, bakinki ne ban yarda da shi ba. Kuma ba don ke zan je ba, don nonona zan je. Na surukar nan ruwa ya yi masa yawa. Ki saurara: za ki durƙusa, ki ce kin yi kuskure, a yafe miki. Daga nan ki rufe baki. In na mintsine ki, kin isa iyaka ke nan."

Muka fita da sassafe. Damina ta yi nisa, gero ya fi mu tsawo, raɓa ta jiƙa mana gefen zane. Muka iske ana tatsa. Dada na tsugune a gefen wata farar saniya, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Aka shiga gaisuwa. An gaida gida, an gaida gajiya, an gaida damina, an gaida masu gida da marasa gida, ni ina durƙushe ƙafata ta fara sanyi. Sai da aka gama tas ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malamar ƙirga ce? Kin zo ƙarasa aikin? Akwai waɗanda yarinyar ba ta kai kansu ba."

Na ce, "Dada, na yi kuskure, a yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya kamata in tsaya a nan. Na ce, "Amma Dada, tsakani da Allah, maraƙin nan..."

Umma ta mintsine ni a cinya. Na ƙarasa duk da haka: "...ƙila leda ya ci ko wani ruwa ya sha. Ina ruwan lamba da cikin maraƙi?"

Dada ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ba ni ta kalla ba, Umma ta kalla. Ta ce, "Ke baiwata, 'ya'yanki nawa?"

Umma ta yi dariya. "Alhamdu lillahi, suna nan."

"Na san suna nan. Nawa?"

"Kai Dada, na Allah ne. Bari mana."

"Ga malama nan, faɗa mata. Lamba ce kawai."

Umma ta gyara mayafi ta shiga kallon gero. Na juya na zuba mata ido. Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin ta faɗi yawanmu ba. Ko masu rigakafi in sun zo da takardarsu, sunayenmu take jero musu ɗaya bayan ɗaya, ta bar su su haɗa da kansu. Ashe a gidanmu ma ana yi, kaina kawai ba a taɓa nunawa da yatsa ba balle in lura.

Da na buɗe baki, tambaya ce ta fito, kuma da gaske nake son amsar. Na ce, "To in ba a ƙirgawa, ta yaya kuke sanin ɗaya ta ɓata?"

Dada ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wajen dangwali, wato doguwar igiyar nan da ake kafewa a ƙasa baki da baki, mai maɗauri a jere, inda ake ɗaure maruƙa. Kowane maraƙi da maɗaurinsa, manya ta wannan gefe, ƙanana ta wancan. Maɗauri ɗaya yana kwance a ƙasa ba kowa a jikinsa.

"Sai kin ƙirga kafin ki ga wannan?"

Na ce a'a.

"Shanun ma haka. Kowace da uwarta, da 'yarta, da wadda take bi a baya. Ke in kin shiga ɗakinku, ƙirga ƙannenki kike yi kafin ki san wadda ba ta nan?" Ta dube ni da wutsiyar ido. "To bari in gwada ki, tun da ke ce mai gwada 'ya'yan mutane. Masu nono da maruƙan da ke igiyar nan, wa ya fi yawa? Ban yarda leɓenki ya motsa ba."

Na dantse leɓe na fara ƙirgawa da ido a ɓoye. Shanu kuwa ba marafan kwalba ba ne, ba sa zama inda ka ajiye su. Wannan ta shige bayan waccan, farare biyu suka rikita ni, ban ma san wacce ce mai nono wacce ce ba ita ba. Na sake farawa. Dada ta ce, "Idonki ma ina ganinsa."

Sai ta kira jikarta. Ashe tana bayan bukka tun zuwanmu, tana wanke ƙwaryar da ta riga ta fita. Ta zo ta durƙusa ta gaida Umma, ta gaishe ni ba ta ɗago ba.

Dada ta ce, "Taimaki malamarki."

Yarinyar ta ce, "In an gama tatsa a kwance su. Kowa zai tafi wajen uwarsa."

Haka aka yi. Aka kwance maruƙan, suka watsu da gudu, kowanne ya je ya cusa kai ƙarƙashin tasa. Saniya ɗaya ja ta rage a tsaye tana kuka, tana kallon wajen bukka, inda aka kwantar da marar lafiyar a inuwa.

Na ce, "Iyayen sun fi yawa da ɗaya."

Dada ta ce, "Wannan ɗayan na yafe miki shi."

Daɗi ya kama ni har na manta ni mai laifi ce. Na ce, "Dada, ai wannan shi ne abin da nake koyarwa! Wallahi shi ne. Ka haɗa wannan da wancan, ka ga wa ya rage, ba sai ka san yawansu ba. Yana cikin littafi, har suna gare shi."

"Au. Ashe abin da muke da shi a gida kuke tara yara a zaure ku faɗa musu. To me za ta je yi?"

Umma ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na haƙa rami da bakina na faɗa ciki, kuma ba ta da niyyar ciro ni.

Ba ni da wata dabara, sai na faɗi abin da ke akwai. Na ce, "A nan tana yi, amma ba mai tambayarta ta ina ta bi. Can ina tambayarta, sauran yara su ji. Tun da ta daina zuwa kowa ya koma gyaɗa mini kai. Na rubuta ƙarya a allo sun kwafe. Ni ce nake bukatarta, Dada. In ba ta dawo ba zauren ba shi da amfani, gara in mayar wa Baba abinsa."

Dada ta ɗauki lokaci tana tsince ciyawa daga saman madara. Ta ce an yi wa maraƙin allura ranar kasuwa, ita kuma ta yi sadakar nono, ya fara ɗaga kai. Na buɗe baki zan tambayi wanne ne ya yi aikin, na ji yatsun Umma sun riga sun iso cinyata, na rufe.

Sannan ta ce, "In ta koma, ba shanu. Ba na gidanmu ba, ba na cikin allonki ba. Ba tumaki, ba mutane."

"To da me zan yi lissafin?"

"Raƙuma. Mu ba mu da su."

Umma ta ce, "Haba Dada, mu fa muna da dangi masu raƙuma can gabas."

"Shi ya sa."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce sai ta ga yadda maraƙin ya kwana. Ta cika wa Umma kwano da kindirmo, ni kuma ta ce ba za ta ba ni ba, kada in ƙirga ludayin da na sha.

Ranar Alhamis tun azahar na share zauren. La'asar ta yi, yara suka taru, na leƙa waje ya fi sau biyar. Na fara ba ita. Ina cikin zana turaku uku a allo sai na ji muryar Dada daga nesa tana neman bayinta. Yarinyar ta shigo ta zauna a wurinta kamar jiya ta tashi. Dada kuwa ba ta wuce ciki ba, ta sauke ƙwarya ta zauna a dakalin ƙofa, ta ce ƙafarta ce ke ciwo. Kunnenta dai yana cikin zaure.

Na ce, "Wani mutum yana da raƙuma bakwai da turaku uku. Ya ɗaure su duka. Ni na ce ko ta yaya ya yi, dole a samu turken da ke da raƙuma uku ko fiye. Gaskiya na faɗa ko ƙarya? Kuma don me?"

Yara suka baje tsakuwa suna gwadawa. Daga dakali Dada ta ce, "Wane marar kai ne zai haɗa raƙuma uku a turke ɗaya? Ai sai su cinye juna. Wannan mutumin Babarbare ne, ko tambaya ba na yi."

Zauren ya ɗauki dariya. Jikarta ba ta yi ba, tana kallon allo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Gaskiya ne, Malama. In yana gudun uku, biyu-biyu zai sa, shida ke nan. Na bakwai yana tsaye da igiya a wuya, kuma duk inda aka kai shi..."

Ƙanwata ta katse ta, abin da ba ta taɓa yi ba: "To in ya bar turke ɗaya ba komai fa?"

Yarinyar ta juya gare ta, suka sa kai cikin tsakuwa suna gardama. Na zauna a kan wani buhun Baba na ƙyale su.